Yadda ake duba da sarrafa siginar shiga da ta fita a mutum-mutumin masana'anta

Yawancin ranakun da aka kira ni da gudu aka ce mutum-mutumi ya lalace, idan na je sai in tarar lafiyarsa ƙalau. Jira yake yi. Akwai wata sigina da ya kamata ta zo masa daga sensa ko daga PLC, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa sauran injinan layin, ba ta zo ba, shi kuwa ba zai ɗaga ko gaɓa ɗaya ba sai ta zo. Shi ya sa duk wanda aka kawo mini ya koyi aiki, ba na barinsa ya motsa hannun injin sai ya iya bin sigina guda tun daga inda ta taso har zuwa inda ta bayyana a allo.

Zan yi bayanin da mutum-mutumin FANUC, rawayan nan da ake ƙerawa a Japan, mai kwantirola, wato akwatin da ke sarrafa shi, R-30iB ko R-30iB Plus. Misalinmu inji ne da ke ɗaukar kwali daga kan bel da kofunan tsotsar iska yana jerawa a kan katako. Idan naka ABB ne ko KUKA, sunaye za su bambanta: KUKA na rubuta $IN da $OUT, ABB na amfani da SetDO da WaitDI. Hanyar bin diddigin kuwa ɗaya ce.

Kayan da za ka tanada

- Allon hannu, wato na'urar nan mai doguwar waya da ake koya wa injin motsi da ita, da makullin da ke juya kwantirola tsakanin AUTO, inda injin ke aiki da kansa, da T1, inda ake motsa shi da allon hannu a hankali.
- Mita mai auna wutar DC. Kusan duk siginar da za ka taɓa volt 24 ce.
- Zanen wayoyin injin da takardar jerin sigina.
- Filashi mara komai a ciki.
- Kwado naka na kanka da katin gargaɗi.
- Ƙaramin sukundireba, tsumma mai laushi, littafi da biro.
- Mutum na biyu da zai tsaya a wajen shinge, hannunsa kusa da jan maɓallin tsayar da gaggawa.

Idan babu mita, fitilar gwaji ta volt 24 za ta fitar da kai, sai dai ba za ta nuna maka wutar da ta yi rauni ba. Idan zanen ne babu, kuma hakan na faruwa sosai da injin da aka sayo na hannu, kai za ka yi naka, zan faɗi yadda ake yi a mataki na 4.

Abin da ya kamata ka sani tukuna

Kullum ka tsaya a matsayin mutum-mutumin. Abin da ya shigo masa shi ne siginar shiga, abin da ya aika shi ne siginar fita. Fitar PLC ita ce shigar mutum-mutumi. Masu koyo da yawa a nan suke rikicewa, musamman idan suna magana da mai kula da PLC kowa na cewa "na aika".

FANUC ta kasa siginar gida-gida. DI da DO su ne na kunne ko kashe na yau da kullum. RI da RO su ne masu bi ta cikin hannun injin su fito a soket ɗin da ake kira EE, can kusa da wuyan hannu, da su ake sarrafa abin kama kaya. GI da GO sigina ce da dama aka haɗa ana karanta su a matsayin lamba. AI da AO na abin da ke hawa da sauka ne, irin volt 0 zuwa 10 ko miliamfiya 4 zuwa 20. UI da UO kuma su ne PLC ke tayar da injin da tsayar da shi da su.

Abu ɗaya nake so ya zauna maka: allon hannu yana nuna abin da kwantirola ta ɗauka gaskiya ne, ba lallai abin da ke faruwa a ƙasa ba. Aikinka shi ne ka gano inda su biyun suka rabu.

1. Tsare kanka da wurin

Juya makulli zuwa T1, ka zare shi ka sa a aljihu, sannan ka kunna makunnin allon hannu. A T1 gudun injin ba ya wuce milimita 250 a daƙiƙa. Danna FCTN ka zaɓi ABORT ALL domin furogiram ɗin da ke jira ya mutu gaba ɗaya. Idan ka bar shi yana jira, da zarar ka gyara siginar da yake nema, layin gaba zai bi. Rataya katinka, ka sanar da mai kula da layin cewa kana ciki.

Idan aikin zai kai ga kwance waya ko buɗe akwatin kwantirola, kashe babban makunni ka sa kwadonka. Ka rufe iska kuma ka sace wadda ta rage a tiyo, don silinda na iya harbawa ko babu wutar lantarki.

2. Ɗauki kwafin ajiya

Sa filashi, ka shiga MENU, FILE, UTIL, ka zaɓi UD1 idan a jikin kwantirola ka sa shi, ko UT1 idan a allon hannu ne. Danna BACKUP ka zaɓi All of above. Tsarin siginarka yana cikin fayil mai suna DIOCFGSV.IO. Wannan zaɓin yakan nemi share abin da ke wurin kafin ya rubuta, dalilin da ya sa na ce filashi mara komai ke nan.

3. Buɗe allon sigina ka karanta

Danna MENU, ka zaɓi I/O, sannan F1 wato TYPE, ka zaɓi Digital. F3 ne ke juya ka tsakanin shiga da fita. Kowane layi yana da lamba, da gurbin SIM, da gurbin STATUS mai nuna ON ko OFF, da suna. A gurbin SIM, harafin U na nufin siginar gaske ce, S kuma na nufin wani ya ƙirƙire ta. Taurari a madadin ON ko OFF na nufin ba a haɗa lambar da kowace waya ba.

Kafin ka taɓa komai, sauka daga sama har ƙasa kana neman S. Duk wanda ka gani, rubuta lambarsa, ka tambayi wanda ya sa shi da dalili. Sannan ka koma furogiram ɗin ka ga layin da ya tsaya. Idan ka ga WAIT DI[3]=ON, ka san wadda za ka bi.

4. Bin siginar shiga

A nan ne aikin yake, don haka kada ka yi sauri. A ce DI[3] ita ce sensar da ke ganin kwali ya iso ƙarshen bel. Akwai wurare uku da za ka duba a jere: fitilar jikin sensa, fitilar katin sigina, wato na'urar da wayar sensar ta shiga, da allon hannu.

Sa kwali a gaban sensar ka duba ƙaramar fitilarta. Idan ba ta canja ba, matsalar ba ta wuce nan ba. Goge gilashin da tsumma. Sensa mai aiki da haske ba ta jituwa da ƙura, a lokacin hunturu kuwa nakan sa a goge su kowace safiya, har da madubin da ke mayar da hasken. Duba ko an buge ta ta karkace. Idan mai jin ƙarfe ce, tazarar da take ji 'yan milimitoci ne, kusoshi biyu su yi sako-sako ta ja baya kaɗan, shi ke nan ta daina ji.

Idan babu fitila ko ɗaya a jikinta, auna wuta. A sensa mai waya uku, mai ruwan ƙasa ita ce volt 24, shuɗiya ita ce sifili, baƙa ita ce sigina. A soket ɗin M12, ƙafa ta 1 ce mai ruwan ƙasa, ta 3 shuɗiya, ta 4 baƙa, ta 2 kuma fara idan akwai ta. Tsakanin mai ruwan ƙasa da shuɗiya ya kamata ka ga kusan 24. Ka ga 17 ko 18, to akwai abin da ke jan wutar ƙasa, ko wata waya ta goge tana taɓa ƙarfe, ko mai ba da wutar ya gaji.

Fitilar sensa ta kama amma ta katin ba ta kama ba? Waya ce, ko kuma nau'in sensar bai dace ba. Akwai PNP, akwai NPN. PNP idan ta ga abu tana tura volt 24 a baƙar waya, sai ka auna tsakanin baƙa da shuɗiya. NPN kuwa jan baƙar wayar take yi zuwa sifili, sai ka auna tsakanin mai ruwan ƙasa da baƙa. Kamanninsu ɗaya, soket ɗinsu ɗaya, fitilarsu duk tana kamawa. Na sha ganin an ciro sabuwa daga sito an ɗaura, ana ta mamakin yadda sabuwar sensa ke haske amma injin bai gan ta ba. Karanta rubutun jikin tsohuwar kafin ka jefar da ita.

Wayar da ke bin hannun injin kuma tana da nata halin: takan karye a ciki roba na nan lafiya. Alamarta ita ce sigina ta riƙa zuwa tana ɗaukewa idan hannun ya kai wani wuri. Sa abokin aikinka ya zuba wa allo ido, kai kuma ka riƙa lanƙwasa wayar a hankali taki-taki. Inda ON ya ƙifta, nan ne. Idan kana shakkar waya ce ko sensa, musanya soket da na sensar da ke kusa wadda ka tabbatar tana aiki, ka ga ko matsalar ta bi ta.

Fitilar kati ta kama amma allo na nuna OFF? Wayarka lafiya, tsari ne ya kauce, ka tafi mataki na 7.

Wanda ba shi da zane, ga yadda zai yi: buɗe allon DI, abokin aiki ya riƙa taɓa sensa ɗaya bayan ɗaya, kai kana rubuta lambar da ta canja. Nan take ka shiga DETAIL ka sa mata suna. Aikin yini guda ne, amma wanda zai zo bayanka zai sa maka albarka.

5. Kunna siginar fita da hannu

Koma allon DO ko RO, ka kai hasken zaɓi kan STATUS, F4 ya kunna, F5 ya kashe. Sauƙinsa shi ne haɗarinsa. Wannan ba ya bukatar ka riƙe makunnin bayan allon hannu, ba ya bukatar motocin injin su kasance a kunne. Injin yana tsaye cik da ƙararrawa a allo, amma bawul zai amsa.

A wata masana'anta da na yi aiki, injin ya tsaya da kwali cike da kaya a sama. Aka shiga duba sensa, wani daga waje ya kashe RO na tsotsar iska yana gwaji. Kwalin ya faɗo dab da ƙafar wanda ke ciki. Ba a ji rauni ba, Allah ya kiyaye, amma tun ranar ba na danna F4 ko F5 sai na ɗaga kai na kalli hannun injin, na kalli ƙarƙashinsa, na faɗi da ƙarfi abin da zan kunna, an amsa mini.

Idan ka kunna, bi ta a jere kamar yadda ka bi ta shiga, sai dai daga allo zuwa waje: allo, fitilar kati, fitilar kan bawul, sannan motsin kansa. Fitilar bawul ta kama ka ji ƙas amma babu motsi, duba iska. Yawancin bawul suna da ɗan maɓallin da ake dannawa da hannu. Idan ka danna shi ma babu motsi, wutar lantarki ba ta da laifi.

Idan ka kunna ta koma OFF da kanta nan take, akwai mai riƙe da ita. Duba BG Logic a ƙarƙashin SETUP, wato ƙananan furogiram da ke gudana a ɓoye ba tsayawa, ka duba Interconnect a cikin jerin TYPE. Idan kuma ka kunna RO[1] sai RO[2] ta mutu da kanta, wannan ba matsala ba ce: an haɗa su tagwaye ne ta Complementary a cikin DETAIL, don bawul mai kai biyu kada duka su sami wuta lokaci guda.

Kada ka ɗora wa siginar fita kaya mai nauyi. Abin da kowace ke iya ɗauka ɗan kaɗan ne, wajen amfiya 0.2. Babban bawul ko kwantakta, sa rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa, a tsakani, ka tabbata akwai dayod, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a kan nadin wayar don wutar da ke dawowa idan an kashe.

6. Ƙirƙirar sigina don gwaji

Siginar shiga ba ta kunnuwa da hannu sai ka fara ƙirƙirar ta. Kai hasken kan SIM, danna F4 wato SIMULATE, U ya koma S, sannan ka je STATUS ka kunna ko ka kashe. Daga nan kwantirola ta daina sauraron wayar, kai take saurare. Amfaninsa shi ne gwada furogiram lokacin da bel bai tashi ba ko PLC bai shirya ba. Idan siginar fita ka sa wa S, allo zai nuna ON amma babu abin da zai fita a waya, hakan na da kyau idan kana son bin furogiram ba tare da bawul ya motsa ba.

Abin da ba na yafewa shi ne a sa S a kan sensar da ta lalace don aiki ya ci gaba. Sensar da ke cewa kwali ya kamu, idan ka ƙirƙire ta, injin zai tashi da gudu ko ya kama ko bai kama ba. Kowace S da ka sa, rubuta ta a littafinka a lokacin. Kuma kada ka dogara da cewa kashe wuta zai share ta. A System Config akwai layin I/O power fail recovery, idan yana kan RECOVER SIM ko RECOVER ALL, S ɗinka za ta dawo bayan an kawo wuta. Inda ake yawan sauyawa tsakanin wutar gari da janareta, ka san abin da ke wannan layin, don shi ne ke yanke yadda siginar fita za su farka.

Siginar tsaro kuwa, ta shinge da ta tsayar da gaggawa, ba ta cikin wannan magana. Layi biyu take bi, ba a ƙirƙirar ta, ba a yi mata gada da waya. Ka ga ƙararrawar SRVO-004 a allo, shinge a buɗe yake, je ka nemo dalili.

7. Haɗa lamba da waya

A allon sigina danna F2 wato CONFIG. Za ka ga RANGE, RACK, SLOT, START. RACK shi ne hanyar da siginar ke bi: 89 na EtherNet/IP ne, 81 zuwa 84 na DeviceNet, 66 da 67 na Profibus, 48 na soket ɗin CRMA15 da CRMA16 a ƙaramar kwantirolar da ake kira Mate. SLOT shi ne wace na'ura a kan hanyar, START kuma daga wane ɗigo, wato gurbin sigina guda, aka fara ƙirga. A gefe za ka ga ACTIV idan yana aiki, PEND idan yana jiran a kashe a kunna, INVAL idan abin da ka rubuta bai yiwu ba, UNASG idan ba a haɗa ba.

Kuskure biyu ne suka fi yawa. Na farko, a canja a manta ba a kashe kwantirola an kunna ba, ana ta neman matsala alhali PEND na rubuce. Na biyu, kaucewa da ɗaya: FANUC daga 1 take ƙirga, PLC da yawa daga 0. Mai PLC ya kunna ɗigonsa na 3, kai ka ga DI[4]. Ku zauna tare ku gwada ɗigo na farko da na ƙarshe, idan su biyun sun dace, na tsakiya ma sun dace.

8. Siginar lamba

Da GI ake gaya wa injin wane irin kwali ne ke zuwa. Ɗigo 4 na ba da 0 zuwa 15, ɗigo 8 na ba da 0 zuwa 255. A sa PLC ya aiko 1, 2, 4, 8 ɗaya bayan ɗaya ka ga ko haka suke isowa. Idan ɗigo 16 ne da PLC na Siemens, ya aiko 1 ka ga 256, rabi biyun lambar ne suka juya, a musanya su ta ɓangaren PLC.

9. Sa su cikin furogiram

Ga yadda nake rubuta ɗaukar kwali:

WAIT DI[3]=ON TIMEOUT,LBL[90]
RO[1]=ON
WAIT RI[1]=ON TIMEOUT,LBL[91]

Tsakanin layin farko da na biyu akwai motsin sauka kan kwalin. Ka lura da layi na uku. Masu koyo sukan sa jiran rabin daƙiƙa a wurin, su ɗauka ai ya kamu. Ranar da kofin tsotsa ya tsage ko kwamfuresa ta yi rauni, rabin daƙiƙar zai wuce injin ya tashi hannu wofi. Duk umarnin da ka bayar, nemi sensar da za ta shaida an yi. TIMEOUT kuma shi ke hana injin tsayawa shiru har abada. Lokacinsa yana System Config, daga kamfani daƙiƙa 30 ne. A LBL[90] da LBL[91], wato layukan da furogiram ke tsallakawa zuwa gare su idan lokacin ya cika, ka sa saƙon da zai gaya wa mai aiki ainihin abin da ba a samu ba.

Idan PLC na bukatar ɗan taɓi ne kawai, yi amfani da DO[5]=PULSE,0.5sec. Kada ka gajarta shi ƙwarai, PLC na iya ƙiftawa bai gani ba. Motsin da ya gabaci kunna bawul kuma ya ƙare da FINE, mai tsayawa daidai a wurin, don idan CNT ne, mai wucewa ba tare da tsayawa ba, siginar za ta fita tun hannun bai gama isa ba. Gwada da STEP, layi-layi, da SHIFT da FWD, gudu a ƙasa.

10. Idan ya ƙi tashi a AUTO

Buɗe UOP, wato allon UI da UO, a jerin TYPE. Huɗu dole su kasance ON: UI[1] IMSTP, UI[2] HOLD, UI[3] SFSPD, da UI[8] ENBL. Ukun farko a juye suke aiki, ɗaukewarsu ce ke tsayar da injin, shi ya sa waya ta tsinke ya tsaya. SRVO-037 na nufin UI[1] ta ɗauke. Sannan ka duba UO[1] CMDENBL. Idan OFF take, injin ba zai saurari PLC ba: ko allon hannu na kunne, ko STEP bai fita ba, ko akwai ƙararrawar da ba a share ba, ko Remote/Local ba ya kan Remote, ko Enable UI signals ba TRUE ba ne. UI[6] START kuma lokacin da ta sauka daga ON zuwa OFF take aiki, PLC ya riƙe ta a kunne babu abin da zai faru. Waɗannan ba su da gurbin SIM, daga PLC za a gyara su.

11. Kafin ka miƙa injin

Danna FCTN, ka je shafi na biyu, ka zaɓi UNSIM ALL I/O, sannan ka bi DI, DO, RI, RO da GI da idonka ka tabbata babu S. Mayar da duk siginar fitar da ka taɓa yadda ka same ta. Cire kayan aikinka daga cikin shinge, ƙirga mutane, rufe ƙofa. Mayar da hannun injin wurin farawarsa, kashe allon hannu, juya makulli zuwa AUTO, ka bar shi ya ɗauki kwali biyar ko shida a ƙaramin gudu kana tsaye kusa da jan maɓalli. Idan sun tafi daidai, ƙara gudun, ɗauki sabon kwafin ajiya, ka rubuta a littafin injin lambar siginar da ka taɓa, abin da ka samu, da kwanan wata.